Yadda Ake Shiga Makon Horon Shugabanci a Makarantun Hafsoshin Sojan Amurka

Kowace shekara, da an shiga dogon hutun makarantu, manyan makarantun horar da hafsoshin soja na Amurka sukan buɗe ƙofarsu na kusan mako guda ga 'yan sakandaren da suka gama aji 11, wato waɗanda saura musu shekara ɗaya su kammala. Yaro zai kwana a ɗakunan da ɗaliban makarantar ke kwana, ya ci abincinsu, a tashe shi tun duku-duku, ya yi atisaye, ya shiga aji, a kuma ɗora masa jagorancin 'yan'uwansa ko da na ɗan lokaci ne. 'Ya'yan Hausawa da aka haifa a can, ko suna Bronx ko Maryland ko Texas, ko ma an dawo da su Kano ko Yamai suna karatu, suna da haƙƙin nema daidai da kowa. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa labarin ba ya isa gidajenmu sai an rufe karɓar takardu. Ga yadda ake bin hanyar, daga farko har ƙarshe.

Ku fara sanin makarantun

Huɗu ne ke da irin wannan shiri. Ta sojan ƙasa ita ce West Point, a bakin kogin Hudson a jihar New York, wadda aka kafa a 1802. Sunan shirinta Summer Leaders Experience. Ta sojan ruwa tana Annapolis a jihar Maryland, an kafa ta a 1845, shirinta kuma Summer Seminar, kwana shida ne, ana yin sa rukuni-rukuni a watan Yuni. Ta sojan sama tana kusa da Colorado Springs, an kafa ta a 1954, ita ma Summer Seminar take kiran nata. Ta huɗu ita ce ta rundunar tsaron gaɓar teku da ke New London a jihar Connecticut, shirinta Academy Introduction Mission, an fi kiransa AIM, kuma shi a watan Yuli ake yin sa. AIM ya yi suna wajen tsanani. Shi ne ya fi kama da ainihin horon da sabbin ɗalibai ke sha.

Wanda ya samu shiga ɗaya daga cikin makarantun nan a matsayin cikakken ɗalibi ba ya biyan kuɗin karatu, ana ma ba shi ɗan alawus. Bayan shekara huɗu zai fita da digiri da muƙamin ƙaramin hafsa, sannan ya yi wa ƙasar aikin soja na aƙalla shekara biyar. Tun 1976 ake ɗaukar mata, saboda haka duk abin da na faɗa a nan game da yaro ya haɗa da yarinya. Wannan alkawari na shekara biyar shi ne dalilin da ya sa makon yake da muhimmanci: ɗan shekara 16 ko 17 yana shirin ɗaukar nauyin da zai kai shi har wajen shekara 27, gara ya ɗanɗana tukuna.

Wa ya cancanta

An shirya makon ne domin waɗanda za su iya neman makarantar a shekara mai zuwa. Sharuɗɗan makarantun kuwa a bayyane suke: ɗan ƙasar Amurka, wanda ya kai shekara 17 bai kuma cika 23 ba a lokacin shiga, marar aure, wanda ba shi da ɗa ko wani da doka ta ɗora masa ciyarwa. Katin zama na dindindin da ake kira green card bai wadatar ba. Idan yaronku yana riƙe da fasfo biyu, na Amurka da na Najeriya ko Nijar ko Gana, ku faɗi haka tun farko, domin batun zai taso nan gaba wajen binciken tsaro, kuma ɓoye shi ya fi bayyana shi illa.

Ga waɗanda ba 'yan ƙasar ba akwai wata hanya dabam, inda gwamnatin wata ƙasa ke gabatar da ɗan ƙasarta ta ofishin jakadancin Amurka, amma wannan bai shafi makon hutu ba. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo wa yaronku gurbi daga gida, ɗan damfara ne. Yaron da ke Najeriya mai sha'awar zama hafsa, ƙofarsa ita ce NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna.

Lokacin nema

Nan ne aka fi yin asara. Shirin na watan Yuni ne, amma nema tun cikin sanyi ake yi. Makarantar sojan sama ce takan riga kowa, ta buɗe wajen Disamba ta rufe a Janairu. Ta sojan ruwa takan buɗe a farkon Janairu. West Point da makarantar New London sukan biyo baya, su rufe kafin ƙarshen zangon karatu. Ranakun suna ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara, don haka tun watan Oktoba na aji 11 yaro ya shiga shafin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta a intanet, ya rubuta ranakun a takarda ya manna a jikin firji. Ya kuma nema a makon farko da aka buɗe. Masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, jinkiri ba ya ƙara wa kowa komai.

Ba laifi ya nemi biyu ko uku. Ba a ɗaukar hakan a matsayin rashin tsayawa wuri ɗaya.

Cike takardar nema

A intanet ake cikewa, kuma ba ta da tsawo, amma tana neman abubuwan da ba a tara su cikin dare ɗaya. Za a tambayi matsakaicin makinsa na makaranta, da darussan da ya ɗauka, musamman lissafi, kimiyyar sinadarai, fiziks da Turanci. Za a tambayi makin PSAT ko SAT ko ACT, wato jarrabawar share fagen shiga jami'a a Amurka, saboda haka ya tabbata ya zauna ɗaya daga cikinsu a farkon aji 11. Sai wasanni: wane yake yi, a wane mataki, ya taɓa zama kyaftin? Sai kuma ayyukan jagoranci.

A kan wannan na ƙarshe nake so in tsaya, domin yaranmu sukan raina abin da ke hannunsu. An tarbiyyantar da su kada su yabi kansu, sai su bar gurbin fayau ko su sa layi ɗaya. Alhali yaron da ke koyar da ƙanana karatu a islamiyya duk Asabar da Lahadi jagora ne. Yarinyar da ta tsara rabon abincin buɗa-baki a masallacin unguwa, ta raba wa mutane aiki, ta riƙe lissafin kuɗi, ta yi shugabanci. Wanda yake tsare shagon mahaifinsa bayan makaranta, ko yake kai kakarsa asibiti yana yi mata tafinta, ya ɗauki nauyin da tsaransa da yawa ba su taɓa ɗauka ba. A rubuta su dalla-dalla: mutum nawa ya jagoranta, awa nawa a mako, me ya canja saboda shi. Jin Hausa, ko Faransanci ko Larabci, shi ma a sa. Soja na daraja mai harshe fiye da ɗaya. Idan yana cikin ƙungiyar sikawut ko JROTC (horon soja na 'yan sakandare) ko Civil Air Patrol (ƙungiyar sa-kai mai taimaka wa sojan sama), wannan ya ƙara kyau.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a ƙara gishiri. Ƙa'idar West Point ita ce ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, ba ya kuma kau da kai ga mai yi. A wasu makarantun, kamar ta sojan ruwa, wannan takarda ita ce ke zama farkon fayil ɗin neman shiga makarantar kanta, kuma daga baya za a nemi takardun makaranta a gwada da abin da ya rubuta.

Ga iyaye kuma: ku bar shi ya cike da hannunsa. Adireshin imel nasa ne, in akwai tambaya shi zai kira ofis, shi zai rubuta 'yar maƙalar da ake nema. Ku duba masa, ku tuna masa ranar rufewa, ku tsaya nan. Jami'an ɗaukar ɗalibai sun daɗe suna wannan aiki, suna gane lokacin da burin na uba ne ba na ɗa ba.

Shirya jiki

Kada a jira amsa kafin a fara. West Point da Annapolis da makarantar sojan sama suna amfani da gwajin ƙarfi iri ɗaya mai suna CFA, mai kashi shida da ake yi a jere, da 'yar tazarar hutu a tsakani. Na farko, jefa ƙwallon kwando da hannu ɗaya daga durƙushe, a auna nisa. Na biyu, jan jiki sama a sandar ƙarfe har haɓa ta wuce ta. Mata suna iya zaɓar rataya da lanƙwasassun hannuwa a ƙirga daƙiƙoƙi. Na uku, gudun je-ka-dawo tsakanin layi biyu. Na huɗu, kwanciya rigingine ana tasowa na minti biyu. Na biyar, push-up na minti biyu. Na ƙarshe, gudun mil ɗaya, wato kilomita 1.6. A West Point da Annapolis ana yin gwajin a cikin makon, kuma in yaro ya yi abin kirki ana iya sa sakamakon a fayil ɗinsa, ya huta da shi. Makarantar New London tana da nata gwajin dabam, da gudun mil ɗaya da rabi.

Abin da ke kayar da yara ba wahalar kowane kashi ba ce, jerin ne. Ɗan ƙwallon ƙafa da ke gudun mil cikin sauƙi zai iske ƙafafunsa sun yi nauyi bayan ya gama kashi biyar. Don haka sau ɗaya a mako ya yi duka shida a jere, wani ya riƙe masa agogo. Jefa ƙwallo daga durƙushe dabara ce fiye da ƙarfi: ƙugu ne ke juyawa ya tura ƙwallon, ba kafaɗa kaɗai ba, kuma sai an maimaita ake iyawa. Jan jiki a sanda shi ya fi cin lokaci. Wanda ba ya iya ko ɗaya ya taka kujera ya kai haɓarsa saman sandar, sannan ya riƙa sauka a hankali yana ƙirga biyar. Cikin 'yan makonni zai iya jan farko. Wata uku na wannan, kwana huɗu a mako, ya isa ya canja yaro.

Ya kuma saba da tashi ƙarfe biyar ya yi gudu. Wanda ya saba da sallar asuba a kan lokaci ya riga ya ci rabin wannan.

Lafiya

Za a aiko da takardar da likita zai cike, da ta allurar rigakafi. Wani abu ya shafe mu fiye da yawancin masu nema, shi ne sikila. Mai ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS, yana rayuwarsa lafiya lau kuma ba a hana shi aikin soja saboda haka. Amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, ko a wuri mai tudu sosai, yana iya zama masa haɗari, makarantar sojan sama kuwa tana sama da mita 2,000 daga doron teku. Ku san ko yaronku AS ne kafin ya tafi, ku gaya wa likita, ku rubuta a takarda. Yaron ya san cewa in ya ji ciwon tsoka da ba irin na gajiya ba, ko jiri, ko ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, tsayawa zai yi ya faɗa nan take. Ba ragwanci ba ne. Haka asma da rashin jituwa da wani abinci ko magani: a rubuta gaskiya, domin akwai cikakken binciken lafiya na ma'aikatar tsaro da ke jiran duk mai neman makarantar.

Salla, abinci da sutura

Da zarar takardar gayyata ta zo, yaro ya rubuta wa ofishin shirin cikin ladabi ya faɗi bukatunsa: ba ya cin naman alade, yana bukatar 'yan mintoci na salla, in yarinya ce tana sa hijabi da dogon wando wajen motsa jiki. Tun kafin tafiya ake wannan, ba ranar isowa a gaban layi ba. Makarantun suna da jami'an kula da harkokin addini, kuma ɗakin cin abinci ba ya rasa abin da Musulmi zai ci. A watan Yuni rana tana da tsawo a can, asuba da wuri, lisha a makare, jadawalin kuwa a cike yake. Ya zauna da malaminsa kafin tafiya ya fahimci hukuncin sallar matafiyi. Ranar farko kuma ya gaya wa shugaban rukuninsa kai tsaye. A duba kalanda ma: a 2025 Babbar Salla ta faɗo ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin irin waɗannan shirye-shirye. Inda aka ba da zaɓin rukuni, a zaɓa da sani.

Kuɗi da kaya

Ana biyan kuɗin shiga, 'yan ɗaruruwan daloli, wanda ya ƙunshi kwana da abinci da kayan motsa jiki da za a raba. Kuɗin jirgi ko mota na iyaye ne. Wanda abin ya yi wa nauyi ya tambayi ofis ko akwai tallafi, tambaya ba ta rage masa daraja a idonsu. Kada a sayi tikiti sai an karanta takardar isowa, domin a nan ake faɗin filin jirgin da motarsu ke ɗauko yara da sa'ar da ake so a iso.

Jerin kayan da suka aiko shi za a bi, ba ƙari ba ragi. Bin umarni ya fara tun daga jaka. Takalmin gudu ya zama wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi kan jawo bororo a rana ta biyu, sauran makon kuma ya tafi a ɗingishi. Safa da yawa, katin shaida, maganin da likita ya rubuta a cikin kwalinsa na asali. Waya kuwa ba za ta riƙa zama a hannunsa ba, saboda haka Mama ta kwantar da hankalinta in ta ji shiru.

Cikin makon

Da isowa za a raba su ƙananan rukunai, kowane a ƙarƙashin wani ɗalibin makarantar da bai girme su da shekaru masu yawa ba. Safiya motsa jiki, sai karin kumallo cikin sauri, sai azuzuwan da malaman makarantar ke koyarwa a fannoni kamar injiniya, kwamfuta, harsuna da tarihi. Yamma wasanni da fareti da ayyukan haɗin gwiwa. A West Point akwai ranar da ake fita fili a gwada aikin soja. A Annapolis yara na kwana a Bancroft Hall, katafaren ginin da dukan ɗaliban makarantar ke zaune, kuma akwai ranar da ake gajiyar da su da gangan, cikin ruwa da yashi, a ga wanda zai tuna da na kusa da shi.

Abin da zan gaya wa yaro a nan kaɗan ne. In an yi maka tsawa, ba ƙiyayya ba ce, ana duba ko kanka zai ci gaba da aiki cikin matsi. Amsa da murya a sama, ka dubi mai magana. Sunkuyar da kai da muke yi don girmama manya a can ana ɗaukarsa rashin ƙarfin zuciya. Ka haddace sunayen 'yan rukuninka a ranar farko. In ka riga kowa gama gyara gado, juya ka taya wanda bai gama ba. In an ba ka jagoranci, faɗi abin da za a yi a taƙaice, ka saurari shawara, ka yanke. In an ba wani, bi shi da zuciya ɗaya ko da kana ganin ka fi shi. Shugaban rukuni yana lura, a wasu shirye-shiryen ma zai rubuta rahoto ko ya yi maka 'yar ganawa, amma kada ka yi don ido.

Lokacin da ya fi kowane amfani shi ne na dare, in an zauna hira da shugaban rukuni. Tambaye shi abin da ba a rubuta a takardar talla ba. Wace rana ce ya fi jin kamar ya bar makarantar? Awa nawa yake barci a zangon karatu? Me ya sa ya zauna? Ka tuna kuma cewa abin da kake gani ɗanɗano ne kawai, kamar ɗanɗana miya a bakin ludayi. Sabbin ɗalibai na gaske makonni shida zuwa bakwai suke yi cikin horon da ya ninka wannan, sannan shekara huɗu ta biyo baya.

Bayan an dawo

Ku bar shi ya yi barci, kwana biyu kada a tsare shi da tambaya. Sannan ku zauna. Idan ya ce wannan rayuwa ba tasa ba ce, kuɗinku bai tafi a banza ba, ya gano a mako ɗaya abin da wasu ke ganowa bayan sun bar wata jami'ar sun shiga. Kada a matsa masa don a ce ɗan wane hafsa ne. Aikin soja ya ƙunshi yiwuwar a tura mutum yaƙi, a ko'ina, bisa umarnin da ba shi ya yanke ba, kuma wannan magana ce da ya kamata gida ya yi ta a fili tun yanzu.

Idan kuwa ya dawo idonsa na ƙyalli, aiki ya fara nan take. Halartar makon ba ta ba kowa gurbi. Ban da makarantar New London, sauran ukun suna bukatar wani mai iko ya gabatar da yaro, galibi ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa, ko ɗaya daga sanatoci biyu na jiharsa, ko Mataimakin Shugaban Ƙasa. Ya nemi dukansu. Kowane ofishi yana da takardarsa da ranar rufewarsa, yawanci a farkon zangon aji 12, kuma akan kira yaro ganawa da wani kwamiti. Ba sai kun san ɗan majalisar ba, ba kuma a kai masa komai. Ya tuntuɓi wakilin makarantar na yankinsa, wanda a sojan ruwa ake kira Blue and Gold Officer, ya nemi takardun shaida daga malaman lissafi da Turanci kafin su cika da aiki, ya sake zama SAT ko ACT in makin na bukatar ƙari.

Wanda bai samu gayyatar makon ba kuma kada ya karaya. Gurabe kaɗan ne, kuma ɗalibai da yawa da ke cikin makarantun yanzu ba su taɓa halarta ba. Ya nemi Boys State ko Girls State, shirin koyon mulki da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion da reshenta na mata ke gudanarwa a jihohi a daidai wannan lokaci, wanda makarantun ke ƙirgawa cikin ayyukan jagoranci. Ya kai ziyara makarantar da yake so in hali ya yi. Ya kuma cike takardar neman tallafin karatu na ROTC, wato horon hafsoshi da ake yi a cikin jami'o'i, a gefe, domin ta nan ma ana zama hafsa daga jami'a ta yau da kullum, kuma ita ma a farkon aji 12 ake nemanta.